Ƙwayar da Ba ta Iso Nima Ba

Nima, Accra
Maris 1989

Yaya Falalu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin London?

An sallamo mijina Mumuni daga asibiti, amma kansa bai dawo ba. Likita ya ce zazzaɓin ya kumbura masa ƙwaƙwalwa. Ya je garejinsa a Abossey Okai, ya ɗauki sifana yana tambayar me ake yi da ita. Sunan ɗiyarmu Fusena ma ya ɓace masa.

Da ka zo hutu ka ce a ɗakin bincikenku kuna gwada maganin histamin mai farkar da ƙwaƙwalwa. Don girman Allah ka aiko mini.

Ƙanwarka,
Lailatu

London
Afrilu 1989

Lailatu,

Wa'alaikumussalam. Allah ya ba shi lafiya.

Histamin sinadari ne da jiki ke yi, a ƙwaƙwalwa yana taimaka wa mutum ya kasance a farke. Maganinmu yana ƙara shi, amma ɓeraye kaɗai aka ba, babu ɗan Adam ko ɗaya. Yana iya kashe Mumuni. Ba zan aiko ba. Ki yafe mini.

Yayanki,
Falalu

Nima
Mayu 1989

Yaya,

Ina gaisuwa. Tunda ka hana, na je kemis a Maamobi na ce ina son maganin histamin. Mai kemis ya ce, "Ai maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, ga shi nan." Safe da yamma nake ba Mumuni. Yanzu barci yake ta yi, abinci ma sai na ɗaga shi. Ina ce ƙwaƙwalwar ce take hutawa?

Lailatu

London
Yuni 1989

Lailatu,

Ki daina ba shi yau ɗin nan. Wannan toshe histamin yake yi, yana ƙara dulmuya Mumuni cikin barci. Ki mayar da shi wurin likita, ki tafi da kwalin. Na nemi hutu, ina tafe.

Falalu

Nima
Yuli 1989

Yaya,

Salamu alaikum. Na daina. Ya farka, yana ci da kansa. Likita ya ce sauran sai haƙuri.

Jiya Mumuni ya kalle ni ya ce, "Baiwar Allah, kin yi mini hidima. Ina da mata a Nima, ki kai ni wurinta, tana can hankalinta a tashe."

Na yafa mayafina, na kama hannunsa muka zaga unguwa, muka dawo gida. Gobe ma zan kai shi.

Allah ya kawo ka lafiya.

Lailatu