Ka Ajiye Motar Nan, Yaya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da Anti da yara, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu ma lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida da kanta, sai dai har yanzu takan zuba abincin mutum uku, sannan ta tuna ta mayar da kwano ɗaya. Allah ya jiƙan Auta.

Sau uku ina kiranka kan maganar motarka, kana cewa in yi haƙuri, baƙin ciki ne ke sa ni surutu. To ga shi a rubuce, tunda takarda ba a kashe mata waya. Ka tuna a mako ɗaya na sauke motarka da ta Auta, duk kun ce kuna so ta kwanta ƙasa kamar ta 'yan gayu. Na rage tsayin sifirin, amma linkej ɗin stabilaiza, ɗan ƙarfen nan da ke haɗa sandar da ke hana mota karkacewa a kwana da ƙafar taya, na mayar muku da tsohon. In an sauke mota tsayinsa ba ya dacewa kuma. Sai an sa wanda ake ragewa ana ƙarawa, a sauke motar daga jak ta tsaya da nauyinta a kan tayoyinta, a daidaita har kusar ta shige raminta da hannu, sannan a ɗaure. Na san wannan, Yaya. Ni ne fa na koya wa kaina karatu da littattafan mota masu baƙin mai, ina yi wa Ogan garejinmu dariya wai shi da guduma yake karatu. Ran nan motar Auta tana rataye a kan jak, kusar ta ƙi shiga, Auta na tsaye kaina yana kaɗa makulli, na ɗauki gudumar Ogan na buga ta shige. Taka ma haka na yi mata.

Bayan kwana huɗu Auta ya dawo ya ce yana jin ƙwas-ƙwas a gaba ta hagu in ya shiga gargada. Ka san bakina. Na ce masa ƙwaƙwalwarsa ce ke kaɗawa don babu komai a ciki. Ya yi dariya, ya ce zai dawo in na sauko daga dokin zuciya. Ko leƙawa ban yi ba.

Kowa ya ce gudu ne ya kifar da Auta a kwanar da ya rasu. Ni na je inda aka jibge motar, na kwanta a ƙasa na shiga. Linkej ɗin hagu ya karye daidai wuya, ga sawun gudumata a kan kusar. Ko kafin faɗuwar ya karye ko a cikinta, Allah ne masani. Oga ya ce in rufe bakina, ƙaddara ce, wa ya aike ni tone-tone. Na san ƙaddara ce, ba shi zai koya min tauhidi ba, amma ƙaddarar ba ta riƙe guduma ba. Yanzu ko da rana tsaka ina cikin rami, mota ta shigo gareji, sai in ji ƙwas-ƙwas. In fito in girgiza ta, in duba, babu komai. Jiya lafiyayyar motar wani malamin makaranta na kwance wa gaba, mutumin yana kallona kamar mahaukaci.

Don girman Allah kar ka ƙara ɗaukar yaran nan a cikin motarka. Ka kira bakanike ya zo har gida, ka karanta masa abin da na rubuta a sama. In ya ce ba komai Alhaji, a ɗaure kawai, ka kore shi ka nemo wani.

Mama ba ta sani ba. Kullum in zan fita sai ta sa min albarka, wai ni ne mai kula da 'yan'uwana. Na kasa haɗiye wannan kuma. Zan faɗa mata, amma ba ni kaɗai ba. Ka hau motar haya ka zo ka zauna kusa da ni.

Ka gaishe min da Anti, da 'yan biyu, da Hajiya Ƙarama sarkin rigima. Kawu da Gwaggo suna gaishe ku. Mama ta ce ka riƙa tuƙi a hankali.

Ƙaninka,
Bakin Reza