Minti Ɗaya Ba Ya Isata

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa, kin ga kuwa lafiya ta samu.

Yaya, shirin siyasar nan da nake fitowa a talabijin duk Laraba ya zame mini ƙarfen ƙafa. Mu huɗu ne a teburin, ni kaɗai ce mace. Minti ɗaya ake ba kowa, yana cika a kashe makirufo. Mazan, da an kunna musu, sai su ce wa ɗan majalisar da ake gayyatowa shirin ƙarya yake yi, a yi ta yabonsu wai ba su da tsoro. Ni kuwa, yadda Inna ta rene mu, sai na gaishe shi, na nemi afuwa, na ce wataƙila ni ce ban fahimta ba. Kafin in iso kan asibitin haihuwar unguwarmu, wanda rufinsa ke yoyo a kan masu naƙuda, an katse ni. Sau uku hakan na faruwa, ɗan majalisar yana mini murmushi yana cewa Allah ya yi albarka.

Makon jiya na yi ta maza. Na ce masa wata takwas yana cewa an gyara, alhali ko ƙusa ɗaya ba a kafa ba. Lauyan da ke gefena ya sha faɗin abin da ya fi wannan zafi, amma ko hodar fuskata ban goge ba mai shirya shirin ya kira ni ofis. Ya ce masu kallo sun ce ba ni da kunya, in na sake, wata za a ba kujerar. Kawu ma ya bugo waya, wai na zubar wa gidanmu da mutunci. Gaba kura, baya siyaki, wallahi na rasa inda zan sa kaina.

Jiya ungozomar asibitin ta tare ni a hanya, ta riƙe hannuna. Ta ce damina ta ƙarato, kuma ni kaɗai suke da ita a teburin nan. Ta tambaye ni ko zan sake faɗa ranar Laraba. Yaya, na tambaye ta gida, na tambaye ta yara, har ta gaji ta sake ni, ban ce mata i ko a'a ba.

Ki gaida Gwaggo da Autarki. Ki sa ni a addu'a kafin Laraba.

Taki ƙanwa,
'Yar Lelen Inna