Mai Zagin Baba

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa. Ya maigidan, ya yara? Ki shafa min kan 'yar lukutar nan. Ina da labari, amma nemi wuri ki zauna tukuna.

Kin san tun da idon Baba ya mutu ni ce hannunsa. Yana faɗa, ina bugawa a waya, kullum a kan abu ɗaya. Wai ka jera lambobi layi-layi ba iyaka, sai ka sauko a karkace, ka canza ta farko a layin farko, ta biyu a na biyu, haka dai. Sai ga lambar da ba ta cikin jerin. Masu lissafi suka ce ashe wani rashin iyakar ya fi wani girma. Baba ya ce sam, dabarar ƙera sabuwar lamba ce kawai, wa ya taɓa gama jerin? Ni da ban ƙarasa sakandare ba, Yaya, har mafarkin lambobin nake.

Abokansa na sashen falsafa a jami'a babu mai amsa masa. Abinci yadda na ajiye haka nake ɗaukewa, wandonsa har zamewa yake. Shi ne na saka rubutun a wani zauren masu lissafi a intanet. Wallahi kaca-kaca suka yi masa. Kullum ya tambaya me suka ce, sai in ƙirƙiro yabo in karanta masa, ya ce to, ya juya wa bango fuska. Na gaji.

Taki,
Auta

Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya. Ya zazzaɓin ƙaramin?

Jiya ƙarya ta ƙare min. Na karanta masa sharhin wani ɗan zauren mai hoton kyanwa, wanda ya ce tsohon nan bai gane komai ba, har da hujjoji. Ina jiran hawaye. Sai ya tashi zaune, ya ce in maimaita. Wai wannan ne kaɗai ya karanta shi da gaske. Ya ce in kawo abinci, ba zai yi faɗa da yunwa ba. Ya cinye tas, ya nemi ƙari.

Yanzu aikinmu ke nan, amsa kan amsa. Babban yatsana ya kumbura, ƙawayena sun ɗauka wayata aka sace. Mai kyanwar ma ba ya gajiya, Allah ya bar mana shi. Ni dai ki taya ni addu'a kada ɗayansu ya yarda da ɗaya.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta