Sararin da Yayana Ya Wanke

Los Chañares, Kwarin Elqui
Janairu

Zuwa ga Yayana Eleodoro,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Griselda da yaran. Ya zafin Santiago? Ya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya, in ban da abin da ya sa na ɗauki biro, don ka san ba kewarka ce ta dame ni ba.

Tun da aka fara tsinkar inabi, sabon kamfanin da ke shirya shi a ƙasan kwari ya kafa fitilu a kan dogayen ƙarafa, suna ci har gari ya waye. Sararin samaniyar kudu duk ya tafi. Ƙaramin gajimaren taurarin nan da Baba ke nuna wa baƙi da yatsa, yanzu sai na rantse musu cewa yana nan. Shekaranjiya wata Bajamushiya ta ɗago daga madubin hange, ta tambaye ni ko gobara ake yi a bayan dutse. Ka san tudun nan da madubin da Baba ya bari su ne abincina. Ba wanda zai hawo har nan ya biya don ya kalli fitila.

Majalisar gari za ta zauna farkon watan gobe, ta yanke ko a tilasta musu su rufe kan fitilun su sunkuyar da su, ko a bar su yadda suke. An ce in kawo shaida. Ga katin kyamarata cikin ambulan. Hotunan ɗanyu ne, baƙi ƙirin, kuma kwamfutata ta tsufa, ba za ta iya haɗa su su zama hoto guda ba. Ka haɗa, ka jawo hasken ya fito, ka buga babba a takarda. Amma ka ji ni da kyau, Lolo: kada ka taɓa launin. Wannan ruwan ɗorawa mai kore-kore da ya haye rabin hoton, hasken fitilun ne, shi nake so a gani. Na san hannunka, ba ka iya ganin datti a bayan taurari ka ƙyale.

Ka sha zuwa nan ka ɗauki hotunan da ake ba ka kyauta a kansu, ka cinye mini cukun akuya, ka tafi ko kofi ba ka wanke ba. Ban taɓa roƙonka komai ba. Wannan ne na farko.

Ka gaida Griselda, ita kam tana kira.

Ƙanwarka,
Leontina

Los Chañares
Ƙarshen Janairu

Yaya Eleodoro,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, ina rubuto maka ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Na ce ka turo mini in gani kafin a buga, ka ce, “Haba Tina, ke da kike ɗaukar hoto kamar mai wanke-wanke, ni za ki duba wa aiki?” Na ce launin fa? Ka yi dariya, ka ce, “Ke dai ki goge rigarki ta zuwa majalisa.” Har yanzu dariyar nan tana mini yawo a kunne, kuma ba ta yi mini daɗi ba.

Ka ce za ka ɗora hoton a motar da ke isowa da safiyar zaman, cikin kwalin nan mai kama da bututu. Me ya hana ka aiko da wuri? Ka ce takarda mai kyau kake jira. Ba gasa za ni ba, Lolo. Ko a takardar burodi ka buga, indai ɗorawar nan ta fito.

Doña Herminia, maƙwabciyata mai awaki, za ta raka ni. Ta ce awakinta sun daina kwanciya, tsohon zakaranta kuma ya rikice, cara yake babu lokaci. Ita da ni da hotonka, mu ne duk rundunar.

Ina jira, raina a dagule.

Leontina

Los Chañares
Fabrairu

Eleodoro,

Ina fatan kana lafiya, don ina so ka karanta wannan da idonka garau. Ka gaida mini yaran, su ba su yi mini komai ba.

Mota ta yi latti. Na karɓi kwalin da gudu, na shiga zauren an riga an fara, ban samu ko leƙawa ba. Na yi bayanina, na ce musu fitilun nan sun cinye sama, ga shaida. Doña Herminia ta kama gefe ɗaya, na kama ɗaya, muka warware.

Ban taɓa ganin sarari mai kyau irin wannan ba. Baƙi sumul daga sama har bakin dutse, taurari ja da shuɗi kowanne da launinsa, ƙaramin gajimaren nan ɓaro-ɓaro kamar an zuba gari a baƙin tire. Babu ɗorawa ko ɗigo. A ƙasa ga sunanka da farin biro. Sai wata ’yar majalisa ta ce, “Kai, Allah ya yi mana baiwa a garin nan!”

Doña Herminia ta leƙo ta gefe, ta ce da ni a hankali, “’Yar nan, wannan saman wace ƙasa ce?”

Na san abin da ka yi, kamar ina tsaye a bayanka. Ka ɗiga alamomi a bayan taurari, ka ce wa kwamfuta nan duka duhu ne, ta kwashe hasken. Sannan ka daidaita ja da kore da shuɗi har suka hau kan juna. Na yi ƙoƙarin faɗa musu haka. Na ce an gyara ne, a zahiri ba haka yake ba. Don Abelardo, manajan kamfanin, ya miƙe cikin ladabi ya ce, “Señora, ke kika kawo hoton. In an gyara, wa ya gyara? Mu dai ba mu taɓa ba.” Aka tambaye ni yaushe aka ɗauka, na ce watan jiya, fitilu suna kunne. Da bakina na ba su shaidar da suke nema. Na ciro waya in nuna musu wanda na ɗauka da ita, dishi-dishi, ba wanda ya ko miƙa wuya.

Da na kira ka daga bakin titi, ko haƙuri ba ka ba ni ba. Cewa ka yi, “Tina, hoto mai ruwan fitsari kike so in sa wa sunana? Ɗan kaɗan fa na rage.” Wa ya ce ka sa sunanka? Wa ya tambaye ka? Kai kana ganin ka yi mini gata. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: ba mugunta ka yi ba, hannunka ne ya tafi da kansa, kuma ba ka tsaya ka tuna cewa a kaina abin zai ƙare ba.

An bar musu fitilun. An ma ba su izinin ƙara wasu a gefen da motoci ke lodi. Kamfanin yawon buɗe ido da ke kawo mini baƙi ya riga ya ce zai koma da su can saman kwari. Jiya na kwance madubin Baba, na naɗe shi da bargonsa, na tura ƙarƙashin gado. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Kada ka zo bana da kyamararka, babu abin ɗauka, kuma ba zan buɗe maka ƙofa ba. Kada ka sa Griselda ta kira ni ta ba ni baki.

Saura saƙo ɗaya. Don Abelardo ya tare ni a ƙofar zaure, ya cire hula, ya ce in gaishe ka da aiki. Yana son manyan kwafi biyu na hoton, ɗaya a ofishinsa, ɗaya a kan kwalayen inabin da suke fitarwa waje. Na ba shi lambarka.

Ƙanwarka ta jini, don wannan kam ba ka iya gogewa,
Leontina Barraza