Injin da Ya Kunyata Ni a Gonar Baba Dattijo

Fatihu Iliyasu,
Kura, Jihar Kano.
11 ga Fabrairu, 2025.

Mai Girma Shugaba,
Ofishin Kare Haƙƙin Masu Sayayya, Kano.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KASHE MINI INJIN BAN-RUWA DAGA NESA DA KAMFANIN TAURARON RANI YA YI

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina kawo kukana kamar haka:

1. Ranar 6 ga Janairu na sayi injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana daga wannan kamfani, na biya lakadan. Wakilinsu, Malam Sagiru, ya miƙo mini yarjejeniya shafi goma sha huɗu da Turanci, rubutu sai ka ce jerin tururuwa. Na roƙi ya bar ni in je gida in karanta, tunda karatu dai ba baƙona ba ne. Ya ce mutane na jira, kuma ko wasali ba a sauyawa.

2. Ranar 8 ga Fabrairu ruwan madatsa bai iso gonar Baba Dattijo ba, alhali tumatirinsa na fure. Shi ne mahaifin Ummukulsum, wadda nake nema, wadda kuma saboda ita na rame. Mai Girma ya san al'adarmu: saurayi mai inji ba ya jira sai surukin gobe ya roƙa. Na ɗora injin a amalanke, daga gonata zuwa tasa taku ɗari biyu kacal.

3. Injin ya yi aman ruwa minti biyar, Ummukulsum na tsaye da kwanon abinci tana murmushi, sai ya yi tsit. Baba Dattijo ya tambaye ni, cikin natsuwa, ko haka sauran alkawuran nawa suke.

4. Kamfanin ya ce sharaɗi na 31 ya hana gusar da injin daga gonar da aka yi wa rajista. Ashe akwai wata 'yar na'ura a cikinsa mai kai musu tsegumi. Sharaɗi na 32 kuwa ya ba su damar sauya yarjejeniyar duk ranar da suka ga dama. Wato su suna da ikon motsa sharaɗi, ni ba ni da ikon motsa abin da na saya.

Don haka ina roƙon Mai Girma ya umarce su da su soke sharaɗin, su riƙa rubuta yarjejeniyarsu da Hausa, su kuma kunna injin kafin Juma'a. Furen tumatir ba ya jiran zaman kwamiti. Sannan na samu labarin wani saurayi mai injin fetur daga Bunkure ya fara gaida Baba Dattijo sau biyu a rana.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Fatihu Iliyasu