Wuyan Rigar Iniyan

Chennai, Juma'a da yamma

Zuwa ga maigidana, Baban Nila,

Ina gaishe ka da kewa mai yawa. Da fatan kana lafiya, ciwon bayan nan ya sake ka, kuma ranar Maskat ba ta ƙarasa ƙona min kai ba. Nila ƙalau take, na bar ta a Pollachi wajen gwaggonka, su biyu suna kula da Appa. Mahaifin nawa yana nan yadda ka bar shi. Ɓarin dama ba ya motsi, bakin dai ya ɗan saki, har yakan iya cewa kofi idan an yi jinkirin kawowa.

Jiya muka iso filin tsere. Wannan ne ƙarshen mako na ƙarshe a gasar ƙananan motoci masu kujera ɗaya, kuma ƙanena Iniyan ne na biyu, yana bin Zubin, yaron nan ɗan Bombay. Wanda ya lashe gasar za a kai shi Malesiya ya gwada babbar mota. Amma ba wannan ne ya tsaya min a rai ba.

Akwai abin da ban faɗa maka ba a wasiƙar baya, don na san za ka ce in bar yaro ya yi ibadarsa. Iniyan ya yi bakance saboda Appa. Ya sa baƙaƙen kaya, ya ajiye takalmi, ya rataya sarƙar alwashi mai zaren azurfa a wuya, zai hau dutsen Sabari ziyarar ibada bayan sabuwar shekara. To ka san sauran. Yanzu kowa Sami yake ce masa, sunan girmamawar da ake ba mai irin wannan bakance. Mista Kurian mai motocin, wanda zaginsa ke sa direban tirela ya sunkuyar da kai, yau na ji shi yana cewa, "Sami, in ba damuwa, a ɗan taka birki da wuri a kwanar nan." Na yi dariya har na ƙware.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ka san aikina tun yana tseren 'yan ƙananan motoci na yara. Ni ke cusa masa hular ciki a cikin riga, in ja zif, in rufe wuyan rigar gam, sannan ya sa hular kwano. Rigar nan wuta ba ta cinta, amma sai inda ta rufe. Yanzu kuwa mace ba ta taɓa shi, ko da yayarsa ce. Da safe ya fita gwaji ina tsaye nesa kamar baƙuwa, sai na hango fatar wuyansa a fili tsakanin riga da hula.

Da ya dawo na tare shi a bakin gareji. Na ce, "Iniyan, rufe wuyan nan."

Palani babban makanike, da shi ma yake kirana Akka kamar ni ce yayarsa, ya ce, "Akka, Sami ake cewa."

Na ce, "Ni na wanke masa kashi tun ranar da uwarmu ta rasu, yau kai za ka koya min sunansa? Koma ƙarƙashin mota."

Iniyan ya yi murmushin nan nasa mai sa mutum ya rasa abin jifa. Ya ce, "Akka, in na rufe, 'ya'yan sarƙar nutsewa suke yi a maƙogwarona. Ga bel ɗin kujera ya danne, numfashi ma da ƙyar."

"To cire ta mana. Ka gama tseren ka mayar."

"Ku ji Akka! Sai ka ce agogo. In na cire, me na yi wa Appa ke nan?"

Tsoro nake ji, Baban Nila. Gobe za a duba kayan direbobi, dokarsu ta hana ƙarfe a jiki, ta kuma hana buɗaɗɗen wuya. A kan mai dubawar nan na ɗora duk fatana.

Ka ci abinci da kyau. Ka gaida mutanen ɗakinku.

Taka,
Malarkodi

Chennai, Asabar

Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ta jiya ma ban kai gidan waya ba, sai in haɗa maka su.

Mai duba kaya ya zo da safe, wani dattijo mai gilashi da tsananin tsiya. A gabana ya mayar da wani yaro saboda safar hannunsa ta ɗan farke. Da ya iso kan Iniyan ya ga sarƙar, sai ya haɗa tafukan hannunsa, ya ce, "Sami, a sa mu a addu'a in an hau dutse." Ya buga hatimi ya wuce. Ashe shi ma ya sha hawa.

Na wuce kai tsaye wajen Mista Kurian. Ya ja ni gefe yana share gumi. Ya ce, "Malar, ni Kirista ne. In na buɗe baki na ce yaron nan ya cire abin wuyansa, makanikaina za su zubar da sifana su tafi kafin in rufe bakin. Ke ce 'yar gida, ke ki faɗa masa."

Na ce, "Da gilashin mota ya fasa ai da ka san yadda ake faɗa masa."

Tun da kowa ya zama bebe, sai na nemo tsohuwar hular cikinsa, na yanke ta, na zauna a kan taya na ɗinke ta ta zama kamar mayafin wuya. Ita ma wuta ba ta cinta, kuma za ta zauna a kan sarƙar ba tare da ta danne ba. Na ba Palani ya miƙa masa. Ya dawo min da saƙo wai Sami ya gode, sai gobe, yau bai saba da ita ba.

Da rana aka yi tseren farko. Ba zan ɓoye maka ba, yaron nan ya yi tuƙi. Ya tashi a na uku, ya wuce ɗaya tun a kwanar farko, ya maƙale wa Zubin a baya har ya gajiyar da shi, ya shige ta ciki a ƙarshen doguwar hanya. Na sami kaina a kan katanga ina ihu kamar mahaukaciya, zanen sari da na ɗaura ya zame ban sani ba. Ya ci. Yanzu duk wanda ya riga wani a cikinsu gobe, shi ne zakara.

Da ma bai ci ba. Ka yafe min wannan maganar, amma haka nake ji. Makanikai suka riƙa taɓa ƙafarsa, kowa na cewa bakance ne ya tura motar. Na tuna wa Palani mayafin, ya ce, "Akka, motar da ta ci ba a canja mata komai, ko tsumman goge ta. Haka ma direba." Kamar wannan bai isa ba, na buga waya shagon maƙwabcinmu aka kira gwaggonka, ta ce yau Appa ya motsa yatsun dama. Na so in riƙe labarin, amma fuskata ta tona ni. Da Iniyan ya ji sai ya zauna a ƙasa ya yi kuka, hannunsa a kan sarƙar.

Saura hanya ɗaya. In na kai ƙara wajen shugaban tsere, dole ya hana shi fita. Malesiya ta tafi ke nan, kuma ban san ko zai sake kallon fuskata ba. Na yanke shawara gobe da safe zan ba shi zaɓi, ko mayafin ko ƙara. Gara ya ƙi ni yana da ransa.

Ina ma kana nan. Maganarka yake ji fiye da tawa.

Taka,
Malarkodi

Chennai, Talata, daga asibiti

Baban Nila,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Ka zauna kafin ka ci gaba da karatu. Iniyan yana da rai, wannan na fara faɗa maka.

Ranar Lahadi na yi yadda na ce. Na tsaya a gabansa, makanikai na ji, na ce ko ya ɗaura ko in wuce ofis yanzu. Ya dube ni ya ga ba wasa. Ya ce, "Kai, Akka! Da ke ce ke tuƙin nan da Zubin ya gudu gida tun jiya. Palani, miƙo abin." Ya ɗaura da kansa, na ga wuyan ya rufu ruf. Na koma bayan katanga da sanyin zuciya.

Aka jera motoci, sai wata ta zubar da mai a kan hanya, aka tsayar da su a cikin rana ana sharewa. Ka san ranar garin nan, ga riga mai kauri, ga zafin inji a bayan mutum. Daga inda nake hulunan kwano kawai nake hangowa. Da aka gama sharar aka kori makanikan da ke tsaye wajen motoci daga hanya, Palani ya tsallako katanga ya tsaya kusa da ni yana kauce wa idona. Sai na ga bakin mayafin yana leƙowa daga aljihunsa.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ya ce, "Sami ne ya miƙo min, wai zafi. Akka, ya zan ce masa a'a?"

Kafin in juya an saki tuta.

Ba laifinsa ba ne, ba na Zubin ba. Tseren ya yi nisa, suna manne da juna, suka tarar da wani yaro na baya da motarsa ta juya a tsakiyar kwana. Zubin ya kauce. Iniyan da ke bayansa bai ga komai ba sai da ya shiga. Tankin mai ya fashe. Ban san tsawon lokacin da masu kashe wuta suka ɗauka ba, an ce sun yi sauri. Ni dai na gudu har takalmina ya fita, wasu suka riƙe ni a bakin shinge.

Rigar ta yi aikinta, Baban Nila. Ƙirjinsa, hannuwansa, ƙafafunsa, ko tabo babu. Wuyan ne kawai. Wutar ta ci shi zagaye, ta shiga ƙarƙashin hula, ya shaƙe ta. Zaren azurfar ya shige cikin nama, sai da likitoci suka datse shi gutsure gutsure. Sun sa masa roba a maƙogwaro yana numfashi ta ciki. Na tambayi likita ko zai sake magana, ya ce in tambaye shi wata mai zuwa. Palani yana zaune a bakin ƙofar asibiti tun ranar, ya ƙi ci, ya ƙi tafiya. Na so in tsine masa, na duba na ga ba ni da ƙarfin.

Yau da safe ya farka. Na kama hannunsa, ba wanda ya hana ni. Ya zare shi a hankali ya kai wuya, yana laluben bandeji, ya laluba ya sake lalubawa. Sai idonsa ya buɗe gaba ɗaya ya tsaya a kaina. Ban gane ba da farko, na ɗauka zafi ne. Sai na ga leɓensa yana cewa Appa.

Ka san a wajenmu ba a cire wa Sami sarƙa kafin ya hau dutse sai in an yi rasuwa a gida. Shi bai tuna wutar ba. Abin da ya sani shi ne ya farka babu ita.

Na rantse masa Appa yana nan. Na ce likitoci ne suka yanke. Na kira nas ta faɗa masa, na kira Mista Kurian ya faɗa masa. Bai yarda da kowa ba, don ya san halinmu, ba ma gaya wa mara lafiya mutuwa. Ya fizge robar sau biyu, yanzu sun ɗaure masa hannuwa a jikin gado. Hawaye kawai ke gangara cikin bandejin. Likita ya ce in bai natsu ba maƙogwaron ba zai haɗe ba, kuma ba za su iya ta yi masa allurar barci ba.

Appa kuwa an ce masa ruwan sama ne ya sa aka ɗage tseren. Gwaggonka ta ce kullum yana nuna ƙofa da yatsun da suka fara motsi, yana jiran yaronsa. Likitansa ya ja mana kunne tun farko, ya ce tashin hankali ɗaya ya isa ya ƙarasa shi.

Na auna abin tun safe har kaina ya yi ciwo, ban ga wata hanya ba. Iniyan ba zai yarda ba sai ya ga Appa da idonsa. In kuwa Appa ya shigo ɗakin nan, zai ga wuyan, zai kuma san saboda wa aka rataya sarƙar. Na riga na yi magana da mai motar haya. Gobe da asuba zan tafi Pollachi in ɗauko shi.

Ka nemi izini ka taho gida. Ban san wanne daga cikinsu za ka tarar ba.

Matarka,
Malarkodi