Wa Zai Riƙe Mini Igiya a Ramin Gummi?

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin da ke kafawa da gyaran injinan zuƙe ruwan ƙazanta a Anka, Gummi da Bukkuyum.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali da abokan aiki kuna cikin ƙoshin lafiya, amin.

Ranka shi daɗe, sunana Umaru, mutumin Bukkuyum, ɗaya daga cikin ma'aikatanka masu shiga rami. Sau biyu ina rubuto maka ta hannun sufabaizan shiyyarmu ban ji amsa ba, shi ya sa na biyo ta jarida. Ba rashin kunya ba ce, tsoro ne. An sa sunana zan shiga ramin Gummi ranar Alhamis ta makon gobe, kuma zuciyata tana gaya mini in na shiga a yadda yake ba zan fito ba.

Gidanmu gidan magina rijiya ne tun kakanni. Don haka ma kamfaninka ya ɗauke mu, ni da wana Haruna, shekara shida ke nan, aka ce ana neman waɗanda zurfi ba ya tsorata su. Aikinmu kula da sumo, wato injin da ake nutsarwa cikin ramin ƙazanta ya riƙa turo ruwan waje. A ƙa'ida ba mai shiga ramin, da sarƙa ake jawo injin sama a gyara a mayar. To, sarƙoƙin sun yi tsatsa sun tsinke, ba a sayo wasu ba, sai mu muka zama sarƙar.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, abu biyu ya koya mana kafin ya bar mu mu taka bakin rijiya. Na farko, a kunna fitilar ƙwai a zura ta da igiya har ƙasa. In ta mutu, iskar ramin ta ɓaci, ba mai shiga. In ta ci gaba da ci, a yi bisimilla. Na biyu, kada ka yarda kowa ya riƙe maka igiya sai wanda zai yi kuka in ka mutu. Da wannan ilimi muka zo kamfaninka, kuma a gaban sufabaiza muke zura fitila duk shekarun nan. Wani lokaci shi ke ara mana ashana.

Abu huɗu nake so ka sani. Na ɗaya, abin da ya faru a Anka. Ranar Talata, mako biyu bayan ƙaramar Sallah, da hantsi, aka tura mu wani rami a bayan rukunin gidajen ma'aikata. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidan mai. Tsummoki sun shaƙe injin, sarƙa babu, dole a sauka. Ni ne zan shiga, har na ɗaura igiya a ƙugu. Na ji warin fetur na faɗa, Haruna ya ce ai iska ce ke kwaso shi daga maƙwabta. Ya kunna fitila, ya durƙusa a bakin ramin yana sakin igiya a hankali. Ba ta yi gaba biyu ba wuta ta tashi daga ƙasa da wata irin ƙara, murfin kankare da muka jingine ya kife. Ni ta jefar da ni baya. Haruna kuwa ta ci masa gemu da fuska da hannu biyu.

Yana raye, alhamdu lillahi, amma yatsunsa sun ƙanƙame, ko buta ba ya iya ɗauka, ni ke zuba masa ruwan alwala. Abin da ya fi ƙuna ci masa rai shi ne maganar da yake ta maimaitawa: "Hitilag ga ba ta taɓa yi min ƙarya ba." Kuma gaskiyarsa. Sai daga baya wani injiniya da ya zo dubiya ya fahimtar da mu cewa iskar rijiya kashe wuta take yi, amma ramin ƙazanta yana tara wata iska mai kamawa da wuta, balle in fetur yana tsiyaya ciki ta ƙarƙashin ƙasa. Shekara shida muna zura wa mutuwa ashana, ba wanda ya gaya mana.

Na biyu, takardar da ta biyo baya. Sufabaiza ya liƙa sanarwa a ƙofar sito cewa daga yau an hana kunna fitila a bakin rami, kuma abin da ya faru jahilcin ma'aikata ne. Jahilcin na karɓa, ranka shi daɗe, ban yi karatun injiniya ba. Hanin ma daidai ne. Amma da na tambaye shi da me za mu riƙa gwada iska yanzu, sai ya ce in yi addu'a. Addu'a kam muna yi tun kafin ya zo shiyyar nan. Injiniyan ya ce akwai wata ƙaramar na'ura da ake zurawa, ta yi kuka in iska ta ɓaci, da fanka mai hura iska cikin rami. Ban taɓa ganin ko ɗaya a sitonmu ba. An karɓe mana fitila, ba a ba mu komai a madadinta ba, yanzu da hanci kawai za mu shiga.

Na uku, ramin Gummi. Na san shi kamar tafin hannuna, shi ya sa nake tsoronsa. Zurfinsa gaba huɗu da rabi, bakinsa da ƙyar yake wuce kafaɗuna, kuma kwatar ɗakin janareto, inda ake ajiye durom-durom na mai, cikinsa take zuba. Injin farko da aka kafa a ciki irin wanda aka ƙera don wuri mai hatsari ne, ko ya yi tartsatsi a cikinsa yake tsayawa. Da ya ƙone aka sa na gama-gari, wayarsa ba ta kai ba, aka yi mata ƙari a cikin ramin aka naɗe da baƙin salatif. Hannuna ne ya naɗe, da umarnin sufabaiza. Akwatin wutar kuma ba shi da kwaɗo. Mun saba cewa tunda an ɗauke wuta a shiga, alhali ba wanda ya san lokacin da za a maido ta, injin kuma da kansa yake tashi.

A daminar bara na shiga ramin nan. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ni, can kuma sai na daina jinsa, na ce madalla, iska ta gyaru. Ashe hancina ne ya mutu. Gwiwoyina suka saki, ban iya kira ba, ban iya girgiza igiya ba. Haruna ne ya ji nauyina ya sauya a hannunsa, ya jawo ni ba tare da ya tambayi kowa ba. Na farfaɗo a gindin darbejiya ana zuba mini ruwa.

Wannan shi ya kawo ni na huɗu. Wanda ya ji nauyina ya sauya, yau ba shi da hannu. Sufabaiza ya ce direban motar kamfani zai riƙe mini igiya. Mutumin kirki ne, amma bai taɓa riƙe igiyar mai rai ba, kuma in waya ta yi tartsatsi gudu zai yi, ba zan ga laifinsa ba. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. Ni da idona na ga na ɗan'uwana ya kama. Tun ranar ko ashana aka ƙyasta kusa da ni sai in yi tsalle in ja da baya. Inna, mahaifiyarmu, ta ɗauke igiyata ta tura ƙarƙashin gadonta, ta ce: "Ɗiya biyu Allah ya ba ni, rame ya amshe hannuwan guda, ba ni ba shi na biyu." Amma yanzu gida biyu ke ci daga aikin nan, nawa da na Haruna.

Saboda haka ina roƙonka, don Allah, ka dakatar da shigar Alhamis har a kawo na'urar gwada iska da fanka. A sa sababbin sarƙoƙi a ramukan garuruwan uku, a daina zura mutum inda ƙarfe zai iya zuwa. A cire injin Gummi da wayarsa mai ƙari, a maido irin na farko, a sa wa akwatin wuta kwaɗo, makullin yana aljihun wanda ke cikin rami. A turo wanda zai zauna da mu ya koya mana da Hausa, don akwai magina rijiya da yawa a wannan aiki, kuma kowannensu da fitilarsa a gida. A kuma cire kalmar jahilci daga kan Haruna, a duba lafiyar hannunsa.

In duk wannan ba zai samu ba kafin Alhamis, to abu ɗaya ya rage. Ka zo Gummi da kanka, ranka shi daɗe, ka tsaya a bakin ramin ka shaƙi abin da ke fitowa. In ka ce in shiga, zan roƙi Inna ta ba ni igiyar, amma kai za ka riƙe ta.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya tsare ka da zuriyarka daga wuta ta duniya da ta lahira, ya sa kada a taɓa kai wa mahaifiyarka irin labarin da aka kai wa tamu.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Umaru, ƙanen Haruna, Bukkuyum.